Zauren Iyali: Baƙon da ba shi da ranar komawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yalwata ta ga bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda ya ɗanɗani ɗacin barin gida, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

 

A wannan fitowa mun jingine abin da muka yi niyyar kawowa, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani magidanci a wani ƙauye na jihar Maraɗi, dab da kan iyaka. Ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce wata rana da tsakar dare wata mata ta iso ƙofar gidansa da 'ya'ya biyar da surukarta tsohuwa, bayan 'yan bindiga sun far wa garinsu a tsallaken iyaka. Mijinta tun a wannan dare ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Magidancin ya kwashe kayan noma daga wani ɗaki ya sauke su, yana zaton zaman mako guda ne, in ya yi tsawo wata guda. Yau damina uku ke nan. Rumbun da a da yake kai gidan har faɗuwar ruwa, yanzu tun bazara ba ta yi nisa ba ake ganin gindinsa. Uwargida ta fara ƙorafi, yara suna yawan faɗa, maƙwabta kuma suna yi masa habaici cewa gida bai ƙoshi ba ya kai wa dawa. Tambayarsa ita ce: in na ce su tashi, na yi zunubi? In kuma na bar su iyalina suna ƙuntata, ban zalunci iyalina ba?

Wannan tambaya ta mutumin kirki ce, kuma mun san ba shi kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To amma ga shi zamani ya kawo mana irin baƙon da rana take fitowa ta faɗi bai tafi ba, domin ba shi da inda zai koma.

Su wane ne waɗannan baƙi?

Kafin mu amsa, ya kamata mu rarrabe sunaye, domin a bakin jama'a duk wanda ya iso da ƙunshi a ka ɗan gudun hijira ne, alhali a wurin hukuma kowane suna da hukuncinsa. Mai neman mafaka shi ne wanda ya tsallako iyakar ƙasarsa don tsoron halaka ko zalunci, ya gabatar da kansa ga hukumar ƙasar da ya shigo, ya roƙi kariya, amma ba a riga an yanke hukunci a kan roƙonsa ba. Idan aka bincika aka gamsu, sai a ba shi matsayin ɗan gudun hijira tare da katin shaida. Wanda kuwa ya bar garinsa amma bai fita daga ƙasarsa ba, kamar mutanen Boso da suka koma Difa, shi ɗan ƙasa ne da rikici ya raba da gidansa. Ɗan ci-rani kuma neman abinci ne ya fitar da shi, in ya ga dama gobe ya koma gida ba mai taɓa shi.

Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Jeniba a 1951, da ƙarin da aka yi mata a 1967. Ƙasashen Afirka sun ga ba ta game halin da nahiyar take ciki ba, sai suka ƙulla tasu a Adis Ababa ranar 10 ga Satumba 1969, wadda ta shigar da duk wanda mamaya ko mulkin baƙi ko babbar fitina ta kore shi daga ƙasarsa, ko da ba shi ɗin aka nufa da sunansa ba. Ginshiƙin waɗannan yarjejeniyoyi guda ne: ba a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari. A Nijar, doka mai lamba 97-016 ta ranar 20 ga Yuni 1997 ita ce ta tsara matsayin 'yan gudun hijira, akwai kuma kwamitin ƙasa mai tantance masu neman mafaka a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, yana aiki tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda muka fi sani da HCR. Idan jama'a suka kwararo da yawa a lokaci guda, kamar yadda 'yan Mali suka yi a 2012, akan karɓe su a jimlace. Amma wanda ya zo shi kaɗai daga nesa, sai an zauna an saurari labarinsa, kuma jiran hukuncin yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

A ƙarshen 2024 hukumar HCR ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 123 ne tilas ta raba da gidajensu a duniya, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka tsallaka iyaka suna zaune ne a ƙasashen da ke maƙwabtaka da tasu. Saboda haka masu zaton Turai ce ke ɗauke da wannan kaya sun yi kuskure. Cadi kaɗai ta karɓi 'yan Sudan fiye da 700,000 bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023. Talaka ne ke saukar da talaka, kamar yadda mai wasiƙarmu ya yi.

Inda aka sauke su, da abin da aka koya

A cikin 2019 mutum fiye da 40,000, akasarinsu mata da yara, suka shigo jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ba sansani suka tarar ba. Ƙauyukan yankin Gidan Runji da Madarunfa ne suka buɗe musu zaure da ɗaki, domin harshe ɗaya ne, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya ne da iyaka ta raba. Daga baya hukuma da HCR suka tanadi wurare a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, nesa da iyaka, inda aka yi nufin baƙi da 'yan gari su ci moriyar ruwa ɗaya, makaranta ɗaya da ɗakin shan magani ɗaya. Duk da haka da yawa sun zaɓi su ci gaba da zama a gidajen masu masaukinsu, kusa da dangi da hanyar gida.

A Difa, baƙi sun fara shigowa daga Barno tun 2013, abin ya tsananta bayan harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairu 2015. An buɗe sansanin Sayam, amma mafi yawan mutane a cikin garuruwa da gefen babbar hanyar kwalta suka kafa bukkoki, har aka fito da shirin yanka filaye ana raba wa baƙi da marasa ƙarfi daga cikin 'yan gari. A jihar Tilaberi kuwa, sansanonin da aka buɗe wa 'yan Mali a 2012 an rufe su a ƙarshen 2019, aka koma ga tsarin zaunar da su cikin garuruwan Abala da Walam da Ayoru.

Akwai kuma baƙin da suka zo daga nesa. Daga watan Nuwamba 2017 aka fara kwaso waɗansu daga wuraren da ake tsare da su a Libiya zuwa Yamai ta jirgin sama, don su jira ƙasar da za ta karɓe su, aka kuma buɗe musu masauki a Hamdallai a 2019. A Agadas, 'yan Sudan, galibi mutanen Darfur, sun fara isowa daga Libiya a ƙarshen 2017, aka gina musu cibiya a 2018, kimanin kilomita 15 daga gari. A watan Janairu 2020 mafi yawan cibiyar ta ƙone bayan makonni na zaman dirshan, a watan Satumba 2024 kuma mazaunanta suka sake fara zanga-zangar lumana a kan tsawon jira da ƙuncin zama. A 2025 kuɗin agaji ya ragu ƙwarai a duniya baki ɗaya, hukumomin agaji suka rage abinci da ma'aikata a wurare da yawa.

Ba mu kawo waɗannan don mu ɗora wa wani laifi ba. Abin lura shi ne, inda aka cuɗa baƙo da jama'a, ya sami maƙwabci da kasuwa da abin yi, zama ya fi sauƙi ko da abinci kaɗan ne. Inda aka keɓe shi a fili yana ƙirga kwanaki, ko an ba shi tanti da buhun shinkafa zuciyarsa ba ta kwanciya. Wannan darasi da ma'aikatan agaji suka koya bayan shekaru, Madina ta riga ta koyar da shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Abin da magabata suka yi

Mu tuna cewa Musulmin farko masu neman mafaka ne. A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (S.A.W.), da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ya umurci waɗansu sahabbai su tsallaka teku zuwa Habasha, saboda adalcin sarkinta. A cikin ayarin farko akwai Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyautar jemammun fatu, don a miƙo musu mutanensu. Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, ya ƙi yanke hukunci sai da ya saurari baƙin da kunnensa. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani ya karanta masa farkon Suratu Maryam, sarki ya mayar wa 'yan aike kyautarsu ya ƙi ba da kowa. Ga sauraro kafin hukunci, ga ƙin mayar da mai gudu hannun wanda ya guje wa. Kuma zaman bai zama na kwana uku ba: Ja'afar bai iso Madina ba sai a shekara ta bakwai bayan hijira, lokacin buɗe Haibara. Da Najjashi ya rasu, Manzon Allah ya yi masa sallar jana'iza daga Madina.

Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.), da ya dawo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya shiga Makka, shi kuwa Muɗ'imu bai musulunta ba, amma Manzon Allah bai manta masa da wannan alheri ba. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani'i ta ba waɗansu dangin mijinta mafaka a ɗakinta, Manzon Allah ya tabbatar da kariyar da ta bayar. Aya ta 6 ta Suratut Tauba kuma ta yi umurni da a ba ko da mushriki ne mafaka idan ya nema, sa'an nan a isar da shi inda zai aminta. Wannan ya nuna ba a tambayar mai neman tsira addininsa ko ƙabilarsa kafin a buɗe masa ƙofa.

Sai mu dubi Madina da idon magidanci. Abu Ayyub Al'ansari (R.A.) ya sauki Manzon Allah a gidansa kimanin wata bakwai, har aka gama gina masallaci da ɗakuna, sai ya koma nasa wurin. An ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, gida gida, don kada nauyin ya taru a kan mutum guda. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, bai daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa. Ansaru sun nemi a raba gonakin dabinonsu biyu, Manzon Allah bai yarda ba, aka daidaita a kan a haɗa hannu wajen aiki a raba amfani. Waɗanda ba su da kowa aka ba su rumfa a masallaci, jama'a suna karɓa-karɓa wajen ciyar da su. Bayan Haibara, da Allah ya buɗa wa Muhajirai, suka mayar wa Ansaru itatuwan da suka ba su aro. Allah ya yabi Ansaru a aya ta 9 ta Suratul Hashri saboda fifita baƙinsu a kan kansu alhali su ma suna cikin buƙata, amma mu lura cewa wannan karamci ya zo da tsari, shi ya sa ya ɗore.

Mu ma an taɓa saukar da mu

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Masarautar Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne da suka bar birninsu suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, haka Gobirawa suka kafa Tsibiri. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har Sudan, inda aka ba su wurin zama a bakin kogi, garin yana ɗauke da sunansa har yau. Ashe ɗan Sudan da ke jira a Agadas, ƙasarsa ta riga ta sauki kakanninmu. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takardu, a 1983 Nijeriya ta yi haka, a 2011 yaƙin Libiya ya koro dubun dubatar 'ya'yanmu ta Dirku da Agadas. Dattawanmu kuma ba su manta yunwar 1973 da ta 1984 ba, lokacin da gidaje da yawa suka watse suka je cin arzikin wasu. Da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa kwana a zauren wani ba.

Amsa ga ɗan'uwanmu

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Gajiyar da kake ji ba zunubi ba ce. Abin da sunna ta tabbatar shi ne haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce. Ciyar da matarka da 'ya'yanka wajibi ne a kanka kai kaɗai. Ceton wanda ya rasa abinci da makwanci kuwa farilla ce a kan jama'a baki ɗaya, in wasu suka ɗauke ta saura sun huta, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Kuskuren da aka yi shi ne gari guda ya zuba ido ya bar maka kayan da ya kamata a raba. Sai dai kuma ba ya halatta a fitar da mace da ƙananan yara da tsohuwa zuwa inda ba su da madogara, balle a tura su inda suka gudo. Mafita ita ce a raba nauyin, ga kuma yadda muke ganin za a yi.

Na farko, rajista. In har ba a rubuta su ba, ka je wurin mai gari, daga nan zuwa ma'aikatar magajin gari, a nuna muku masu rajistar 'yan gudun hijira. Wanda ba ya cikin littafi, agaji ba ya ganinsa, kuma takarda ce kariyarsa idan jami'an tsaro suka tare shi a hanya. Rajista ba a biyan kuɗi a kanta, duk wanda ya nemi a ba shi wani abu macuci ne. Wannan kuma shi ne amsar masu cewa ba a san na kirki da mugu ba a cikin baƙi. Tsoronsu yana da dalili a wannan zamani, amma maganinsa shi ne mai gari da hukuma su san kowa, ba a yi wa marayu kuɗin goro da waɗanda suka kashe iyayensu ba.

Na biyu, ka sami liman da mai gari ka gaya musu gaskiyar halin da kake ciki, ba tare da jin kunya ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka kashi takwas, waɗannan bayin Allah kuwa suna shiga cikin faƙirai da miskinai, ga kuma rabon matafiyin da guzuri ya yanke masa. Zakka ana raba ta ne a inda aka fitar da ita, su kuma yanzu a nan suke zaune. A lokacin kaka, idan kowane manomi da amfaninsa ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, aka keɓe musu rabo, da ba a bar rumbu guda yana ciyar da gida biyu ba. Haka zakkar fid-da-kai da naman layya. Wanda ba Musulmi ba kuwa, ƙofar sadaka da kyauta a buɗe take gare shi.

Na uku, a ba su wurin kansu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma galibin saɓanin mata a kan murhu ɗaya da tulu ɗaya da makewayi ɗaya yake tashi. A nemi ɗan fili kusa da kai, a yi gayya a buga tubali a ɗora musu ɗaki biyu, a kewaye da zana ko danga, a haƙa musu makewayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma samarin gari suna iya gama wannan aiki a 'yan kwanaki a lokacin rani. Wannan ya fi kiyaye sutura da mutunci, musamman da yake yara suna girma, kuma ya fi kiyaye lafiya, domin cunkoso shi ne abokin amai da gudawa da ƙyanda.

Na huɗu, a nuna musu hanyar kasuwa kamar yadda aka nuna wa Abdurrahman. A ba matar aron gona ko ɗan jari na ƙuli-ƙuli ko ƙosai ko kiwon akuya, gwargwadon abin da ta iya tun a gida. In aron gona ne ko fili, a yi shi gaban shaidu, a rubuta a wurin kwamitin kula da filaye na gari, a faɗi shekarun aron. Rubutu yana kare mai gona daga rigimar gado gobe, yana kuma kare baƙuwa kada a karɓe gonar bayan ta zuba mata taki.

Na biyar, yara. A sa su makarantar allo da ta boko tare da naka, a kai su rigakafi, duk wanda aka haifa a nan a yi masa takardar haihuwa kafin wa'adin da doka ta tsara ya wuce. Yaron da ya tashi ba takarda a ƙasar da aka haife shi, ba kuma takarda a ƙasar iyayensa, yana iya wayar gari ba ƙasar da ta san da shi.

Na shida, uwargida. Kai ka buɗe ƙofa, amma ita ce ta yi damina uku tana ƙara ruwa a tukunya, tana daka, tana raba tuwo ta ɗauki ƙaramin malmala. Ƙorafinta ba rashin imani ba ne. Ka gode mata a fili, ka nemi shawararta a kan duk abin da za a yi, domin rabonta a wannan lada ba ƙarami ba ne.

Su ma baƙi akwai abin da ke kansu. Sunna ta hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa alhali yana da yadda zai yi. Su kama aikin gida da na gona, su kiyaye sirrin gidan da ya rufa musu asiri, in agaji ya zo su tuna da tukunyar da ta ciyar da su tun ba a san da su ba.

Abin da ke ɓata lada

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da ba a son ji. Muna da labarin masu ninka kuɗin haya da zarar sun ga baƙo ba shi da zaɓi, da masu sa baƙi aikin yini guda su biya su rabin abin da suke biyan ɗan gari, da masu shigar da sunayen iyalinsu cikin jerin masu karɓar agaji su bar masu haƙƙi a rana. Akwai masu ɗaukar 'yan mata ƙanana aikatau ba lada ba makaranta. Akwai kuma masu zagayawa suna neman auren 'ya'yan baƙi da sadakin da ba za su iya ambatawa a gidan ɗan gari ba, su saki bayan wata biyu. Aure da baƙi alheri ne idan an cika sharuɗɗansa, da yardar yarinya da waliyyinta da sadaki na mutunci, amma wanda ya mayar da yunwar mutane tarko, ya sani Allah yana gani.

Muna kuma jan hankali a kan matan da mazansu suka ɓata. Matar da ba a tabbatar da mutuwar mijinta ko saki ba, matar aure ce. A mazhabar Imamu Malik akwai hukunce-hukunce filla-filla a kan matar wanda ya ɓata, da wa'adin jira da idda, da kuma damar da take da ita ta neman rabuwa idan ta rasa mai ciyar da ita. Wannan aikin alƙali ne da malamai masana, kada wani ya ɗaura aure a kan jita-jita, kada kuma a bar baiwar Allah a rataye shekara da shekaru ba wanda ya kai maganarta inda ya dace.

'Yan uwa, kowace shekara ranar 20 ga Yuni duniya takan tuna da 'yan gudun hijira, a yi jawabai a watse. Mu namu tunawar a ƙofar gida take. Muna roƙon limamanmu su keɓe huɗuba guda a kan wannan al'amari kafin kaka, kowace unguwa kuma ta ƙirga gidajen da ke ɗauke da baƙi ta san abin da za ta tallafa musu da shi. Ɗan'uwanmu mai wasiƙa, muna jiran ka sake rubuto mana yadda kuka ƙare da liman da mai gari.

Allah ya mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci, ya sanya albarka a rumbun duk wanda ya ciyar, ya kawo mana ƙarshen waɗannan fitinu a ƙasashenmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah ya yafe mana. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.